Hannun Tanti Salamatu da Naki

Zuwa ga Yaya Hajara,

Assalamu alaiki. Ina gaishe ki irin gaisuwar da kika saba ji daga gare ni, ta ƙanwa mai tafe da magana a baki. Na san ba za ki karanta wannan takarda ba. Babu gbaka, motar hayarmu, da ke zuwa inda kike, wayarki kuma tana cikin durowar Inna a kashe. Amma tun ina ƙarama duk abin da ya same ni ke nake fara kai wa, har yanzu ban koyi wata hanya ba.

Da Faransanci na fara rubutawa, sai na ji kamar ina cike takardar asibiti, na yage. Da Hausa zan yi miki, wadda na koyi rubutawa a wajen matan 'yan kasuwar Kano da nake yi wa lalle, masu turo min saƙo a waya. Da kina nan da kin yi dariya, ke da ba kya iya kai magana ƙarshe sai kin jefa mata Faransanci a tsakiya.

Mutanen gida lafiya lau. Inna na nan da ƙafarta, in ruwa ya sauka sai ta kwana tana mita. Damina ta yi ƙarfi bana, lambatun ƙofar gidanmu na Bromakoté a Adjamé ya sake cika, an sa katako ana tsallakawa. 'Yarki Ummi ta yi hutu a wurinmu. Ta yi tsawo, Yaya, kuma yadda take ɗage gira in ba ta yarda da magana ba, naki ne sak. Mijinki bai taɓa komai ba a gidanku na Arras. Farar rigarki ta aiki tana rataye a bayan ƙofa, da biro a aljihu.

Kin tuna lokacin da kika fara aiki a labo, ɗakin gwaje-gwaje, a Treichville, Inna ta shiga unguwa tana alfahari cewa 'yarta kiwon mikrob take yi? A garin nan kuwa in an ce mikrob, yaran nan masu tare mutane da adda ake nufi. Sai da maƙwabta suka yi ta zuwa jaje, wata har ta ba da shawarar a sa malamai su yi miki addu'a ki bar harkar. Kin yi dariya har da hawaye, sannan kika zauna a tabarma kika yi wa Inna bayani cewa naki mikrob ɗin ƙananan halittu ne da ido ba ya gani, kuma yawancinsu ba ruwansu da kowa. Ba kya son a ce musu ƙwayoyin cuta gaba ɗaya, kina cewa ƙazafi ne.

To bayan rasuwarki wasu sun koma ga tsohuwar maganarsu, wai abin da kike kiwo ne ya cinye ki. Duk wadda ta faɗa a gabana sai na ajiye lallen na gaya mata gaskiya: hawan jini ne, irin na Baba, shi ya kayar da ke kina shirin fita aiki. Na rasa mace ɗaya ko biyu cikin masu zuwa ƙunshi saboda bakina, ban damu ba.

Ba wannan ne ya sa na ɗauki biro ba. Maganar hannun Tanti Salamatu ce ta taso, kuma ina so ki san yadda na yi da ita.

Bari in fara daga inda kika jawo ni cikin aikinki. Ranar jajibirin wata Sallah ce, ina zana miki lalle, kika tsura wa yatsuna ido. Na ɗauka zanen ne bai yi miki ba. Sai kika tambaye ni ko zan iya yin zane da abin da ba na gani. Na ce Yaya ta fara, karatu ya yi yawa. Bayan Sallah kika sa ni a tasin woro-woro muka tsallaka gada, kika saka min farar riga da safar hannu, kika ajiye a gabana wani ɗan farantin roba mai murfi. A cikinsa akwai wani abu mai santsi, kamar romon ƙafar saniya da ya kwana ya daskare. Kika ba ni siririn ƙarfe mai ɗan zobe a baki, kika nuna min yadda ake gasa shi a wuta, a bari ya huce, a dangwalo mikrob, a ja layi. Na ja layin, ban ga komai ba. Na zana fure sukutum, farantin yana nan kamar ba a taɓa shi ba. Kika rufe, kika sa a akwatin ɗumi, kika ce in je gida in dawo jibi.

Da na dawo, Yaya, ga furena, rawaya kamar gangamau, da ratsin ja a gefe. Abu mai rai ya bi sawun hannuna ya tsiro. Na tsaya baki buɗe. Ke kuwa ba farantin kike kallo ba, ni kike kallo. Kika kira abokin aikinki Musiyo Kuwame kika gabatar da ni a matsayin mai zanen da za ku yi aiki da ita. Ba ki ce ƙanwata ba, ba ki ce mai lalle ba. Ni da na bar makaranta tun a firamare, ba wanda ya taɓa kirana da wannan suna. Ban taɓa gaya miki ba, amma a gbakar komawa Adjamé kuka na yi.

Aikin da kika ɗauko na mata masu sayar da abinci ne a kewayen kwanar Roxy, cikin kasuwar Adjamé. Kina so ki san irin mikrob ɗin da ke yawo a hannu da kuɗi da ruwan wanke kwano, kuma kina so matan su gani da idonsu, ba a tsaya musu a ka ana yi musu wa'azin tsafta ba. Wadda ta yarda za ta ɗora tafinta a faranti kafin ta wanke hannu, ta sake ɗorawa a wani bayan ta wanke. Waɗannan farantai kina liƙe su, ba a sake buɗewa, kuma kowace mace ita kaɗai kike nuna wa nata. Nawa aikin daban ne. Ni ina zana hannuwa masu lalle da mikrob ɗin da kuka san halinsu, marasa cutarwa, a ɗauki hoto, a buga manya a liƙa a kasuwa.

Abin da ya fi ba ni mamaki shi ne yadda kike neman yarda. Kullum ke kike fara ɗora naki hannun a gaban matan, in ya tsiro ki kawo ki nuna musu, kina cewa ga na Dokta nan, shi ma gona ne. Kina yi musu bayani da Hausa, da Julanci, da Faransanci, gwargwadon wanda mutum ya fi ji. In mace ta ce ta yarda, sai ki yi godiya ki tafi ba ki ɗauki komai ba. Wata rana daban kike tura Musiyo Kuwame, wanda ba su san shi ba, bai san su ba, ya sake tambaya. Shi kansa ya yi ƙorafi, ya ce ana ɓata lokaci, na sama suna matsa muku. Kika ce masa matan nan sun ga girmanki, wasu sun goya ki, sun ci abincin sunanki. Ta yaya za su dubi idon 'yar Inna su ce a'a? Kara ce za ta amsa miki, ba su ba. Baƙo kuwa ana iya ce masa a'a a kwana lafiya. Kuma haka aka yi. Da yawa cikin waɗanda suka amsa miki da fara'a sun ce wa Musiyo Kuwame ya yi haƙuri. Ya dawo rai a ɓace, ke kina murna kamar an yi miki kyauta.

Sai kuma dokarki ta kokot. Wannan babbar tukunyar ƙarfe mai murfin ɗauri da kuke kira da wani dogon suna, ni kokot nake ce mata. Duk zanen da na yi, komai kyansa, da zarar an ɗauki hoto sai a saka shi ciki a dafa har ya mutu. Babu abu mai rai da ke fita daga ɗakin. Na roƙe ki ki bar min ko ɗaya in kai wa Inna ta gani, tunda kin ce ba sa cutarwa. Kika ce wanda muka shuka ne ba ya cutarwa, wanda zai iya faɗawa ciki a hanya fa, wa ya san shi? Na ce miki ba ki da tausayi. Kika ce in ajiye tausayin ga fasinjan da zai zauna kusa da ni a gbaka.

Tanti Salamatu tana cikin waɗanda suka ce wa Musiyo Kuwame e. Kin san ta fiye da ni: mai soyayyar ayabar nan, aloko, da soyayyen kifi a kwanar Roxy, wadda tukunyarta ke ciyar da jikokin da ɗanta ya rasu ya bari. Ƙaramin yatsanta na dama ya lanƙwashe tun wata ƙuna da mai ya yi mata. Kowace Sallah ni nake mata lalle, kuma don in rufe tabon na ƙirƙiro mata zanen ɗan kifi da jelarsa ta bi lanƙwasar yatsan. Ba wadda na taɓa yi wa shi sai ita.

Ranar da hannuna ya faɗa sosai da ƙarfen nan, hannunta ne ya zo min a rai, na zana shi da ka. Da ya tsiro, Yaya, ban taɓa yin abu mai kyau kamarsa ba. Kifin ya fito ja, yatsan ya kwanta daidai yadda yake, har kana jin kamar zai miƙo maka ƙullin aloko. Musiyo Kuwame ya tafa. Ke kika daɗe kina kallo, kika ce ya yi kyau ƙwarai, sannan kika ce ba za a buga shi ba.

Na ce ai babu suna, babu fuska. Kika tambaye ni mutum nawa ne a Adjamé suka karɓi abinci daga wannan hannun. Hoton za a liƙa shi ne da rubutu a sama cewa hannu yana ɗauke da abin da ido ba ya gani. Mai wucewa ba zai tsaya jin bayani ba, abin da zai tafi da shi gida shi ne hannun Salamatu na da mikrob. Ta yarda a auna hannunta a asirce, ba ta yarda a rataye shi a kasuwa ba. Na ce to ki faɗa min, nata farantin ya tsiro da yawa ne? Kika ce wannan tsakaninki da ita ne. Har kika koma ga Allah ba ki gaya min ba, ni da muke ciki ɗaya.

Kika ɗauki hotonsa da hannunki, kika turo min a waya, kika ce aikina ne, ya kamata in riƙa gani, amma idona kaɗai. Sannan kika sa shi a kokot. Na yi fushi, na yi kwanaki ban tsallaka gada ba. Ba ki ba ni haƙuri ba, ba ki kuma yi min faɗa ba. Kin zo ne kawai ranar Juma'a kika zauna kika miƙo hannu a yi miki lalle.

To ga abin da ya faru yanzu. Musiyo Kuwame da abokan aikinki sun shirya baje kolin hotunan aikinmu don tunawa da ke. Wadda ke tsara wurin, Madam Silvi, mace ce mai kirki, ta san zane, ta riƙe hannuna ta yi min ta'aziyya kamar ta san ki. Musiyo Kuwame ya ba ta labarin hannu mai kifi, ba da wata manufa ba, yabona yake yi. Tun daga nan ta kafe. Ta ce irin wannan take nema ta sa a bakin ƙofa, kuma in ya kai yadda aka faɗa, za ta kai shi wani baje koli a ƙasar waje, da ni da sunana. Ni Ramatu mai lallen Bromakoté, a jirgin sama! Ba zan ɓoye miki ba, raina ya biya. Na ce wa kaina ai don ke ake yi, sunanki ne zai je inda bai je ba. Madam Silvi ta ce abu mai sauƙi ne, in je in nemi izinin mai hannun.

Na je da hantsi, kafin masu cin rana su taru. Tanti Salamatu tana yanka ayaba. Ta gan ni ta fara hawaye, ta yi miki addu'a mai tsawo, ta ce tun da kika nuna mata yadda za ta raba ruwan wanke hannu da na kwano jikokinta suka rage zawo. Na nuna mata hoton. Ta goge hannu a zani ta karɓi wayar, ta kalla, ta yi murmushi, ta ce ashe haka hannunta yake da kyau ba ta sani ba. Na yi mata bayani duka, ban rage komai ba: za a rataye shi, za a sa a waya, 'yan Adjamé ma za su gani. Ta ce ba komai, 'yata. Ta ce wace ce ita da za ta hana ƙanwar Dokta abin da zai ɗaga ta, ga shi ƙasar kabarin ba ta gama bushewa ba. Ta ce in ɗauka, ta yafe.

Na samu abin da na zo nema, ko ba haka ba? Na miƙe ina godiya. Sai idona ya sauka a kan cinyarta. Hannun nan na dama, Yaya, ta cusa shi ƙarƙashin mayafi. Da hagu ta miƙo min wayar. Mace mai shekarun Inna, wadda ba ta taɓa ba ko yaro abu da hagu ba. Ba ta ma san ta yi ba.

A nan na ji ki kamar kina tsaye a bayana. Wa ta ce wa e? Ni ta ce wa, ko makokinki? Da Musiyo Kuwame na turo, me zai dawo da shi? Ban tura shi ba, ban ga amfanin wahalar da tsohuwa sau biyu ba, amsar tana ƙarƙashin mayafi. Na koma na zauna na ce mata na fasa, hoton zai ci gaba da zama inda kika ajiye shi. Ta ce a'a, ai ta yarda. Na ce na sani, Tanti, ni ce na fasa. Ba ta ƙara musu ba. Ta zaro hannun ta ci gaba da yanka ayabarta, ta cika min leda da aloko har da kan kifi, ta ƙi karɓar komai.

Madam Silvi ba ta ji daɗi ba. Ta ce mai abu ta ba da izini, mene ne kuma? Na yi ƙoƙarin fassara mata kara da Faransanci, kalmar ta ƙi zuwa. Ko hoton ban nuna mata ba. Maganar tafiya dai ta mutu a wurin, ta ce sai wani lokaci, ni ma na san me hakan ke nufi. Na ji zafi, Yaya. Na shiga gbaka na zauna a kujerar baya, ina jin yaron mota yana kiran Adjamé, Adjamé, ina jin haushinki kamar kina da rai. Me ya sa kika koya min ganin abin da da ban gani ba da na wuce abina?

Amma bakin ƙofar nan sai an sa wani abu. Sai na tuna akwai hannu ɗaya da mai shi ta ce a nuna shi a ko'ina, da suna da komai, ta kuma faɗa a gaban kasuwa ba sau ɗaya ba: naki, Yaya. Duk da haka na tambayi Inna da Ummi, na kuma sa Musiyo Kuwame ya sake tambayarsu wata rana ba na nan. Ya yi dariya, sannan ya juya baya ya cire tabarau yana gogewa.

Ya buɗe min labo, ya tsaya a inda kike tsayawa. Na gasa ƙarfen, na bari ya huce, na fara. Ban nemi hoto ba. Wa ya san hannunki kamar ni? Dogon ɗan-ali, ƙullin da biro ya yi miki a yatsan tsakiya, farcen da kike yankewa har nama saboda safar hannu. Ina cikin matan da suka yi miki wanka, Yaya. Lallen da na yi miki na ƙarshe ya riga ya goge a tafi, saura ɗan ja a bakin farce, sabon fari yana turo shi. Haka na zana shi, ban ƙawata ba. Na gama, farantin yana nan wayam kamar ban yi komai ba. Na rufe na sa a akwatin ɗumi na tafi gida.

Jiya na koma. Kin fito. Hannunki ne, a buɗe, yadda kike miƙo min shi ranar Juma'a. Kuma da rai, yana ci, yana girma, cikin murfin har ya yi gumi. Na ɗora tafina a kan murfin, da ɗumi. Musiyo Kuwame ya ɗauki hoto ya fita, ya ce in kira shi in na shirya. Ya bar ni da ke, ga jakata a kan kujera a buɗe, ga ƙofa.

Kin san abin da ya zo min a rai. Inna ba ta taɓa ganin ko ɗaya da ransa ba. Ummi fa? Wa zai ga laifina?

Na daɗe a tsaye. Sannan na kira shi, na ce ya nuna min yadda ake ɗaure murfin, don kullum ke kike yi ina juya kai. Ni na saka ki a kokot da hannuna, ni na ɗaure, ni na kunna. Na tsaya a wurin har ta gama hucinta ta yi shiru. Wannan karon ban juya kai ba.

Abin da ban faɗa miki ba kina raye shi ne, ban taɓa ganin mutum mai riƙon amana kamarki ba, har amanar waɗanda ba su san sun ba ki ba. Ina alfahari da ke, kuma ina kewarki kullum, musamman ranar Juma'a. Za a rataye hoton da sunanki a sama, nawa a ƙasa, kamar yadda muka zo duniya. Tanti Salamatu ta ce za ta rufe tukunya ta zo ta gani, kuma ta riga ta kama layin lallen Sallah, da kifinta.

Allah Ya jiƙan ki, Ya haskaka makwancinki, Ya sa abin da kika koya mana ya bi ki da lada. Ki huta, Yaya. Babu abu mai rai da ya fita daga ɗakin.

Ƙanwarki, mai zanenki,
Ramatu